Iyaye na aiki, yara na cikin talauci: yadda abin yake a ƙasashe masu arziki

Wai ta yaya za a ce yaro yana cikin talauci a Ingila ko Amurka ko Japan, alhali babansa ko mamansa kullum da sassafe suna fita aiki? Duk lokacin da aka yaɗa bidiyon layin karɓar abincin agaji a Landan sai gardama ta kaure, wasu su ce ƙarya ce kawai ana so a kashe wa masu niyyar fita gwiwa, wasu kuma su ce ai malalata ne da ba sa son aiki suna jiran gwamnati ta ciyar da su. Maganar ta sake tasowa a Nuwambar 2025 da ministar kuɗin Birtaniya Rachel Reeves ta sanar cewa daga Afrilun 2026 za a soke dokar nan da ta taƙaita tallafi ga 'ya'ya biyu kacal, gwamnati ta ce hakan zai fitar da yara kusan dubu 450 daga talauci. To idan aiki na nan, albashi na nan, me ya sa sai an jira tallafi kafin yara su fita?

Wane irin talauci ake nufi?

Nan ne ruɗanin yake farawa. Idan hukumomin can suka ce talauci, galibi ba suna nufin yaron da ya kwana uku bai ci ba, duk da cewa akwai masu kwana da yunwar. Abin da suke yi shi ne su jera duk gidajen ƙasar daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, bayan an cire haraji an kuma ƙara tallafin da gwamnati ta bayar, sai a duba gidan da ya faɗo daidai tsakiyar layi. Duk gidan da samunsa bai kai rabin na wannan gida na tsakiya ba, ƙungiyar OECD mai ƙasashe 38 tana lissafa shi a talaka. Tarayyar Turai da Birtaniya su kuma kashi 60 cikin 100 suke amfani da shi. Kuma ana la'akari da yawan bakunan da ke gidan, don kuɗin da zai ishi mutum biyu ba zai ishi shida ba.

Wani zai ce to ai wannan ba talauci ba ne, rashin daidaito ne kawai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin talakan Denmak ya fi mai matsakaicin hali a ƙasashe da yawa samu. Amma fa yaro a cikin ƙasarsa yake rayuwa da farashin ƙasarsa. A can ba a gina ɗaki a gefen gidan gado a zauna, haya ce duk wata, kuma lokacin hunturu in ba a kunna na'urar ɗumama gida ba yara ciwo za su kwanta. Gidajen marasa ƙarfi da yawa a Birtaniya mita mai kati suke amfani da ita irin wadda muka sani a nan, kuɗi na ƙarewa wuta da gas su ɗauke, sai uwa ta tsaya tana lissafi da fam goman da ya rage mata, ta saka a mita ko ta sayo burodi da madara da taliya, ita kuma ta ce wa yaran ta riga ta ci a wurin aiki. Ƙungiyar Trussell mai rumbunan abincin agaji ta raba ƙunshin abinci sama da miliyan 3 a shekara ɗaya daga Afrilun 2023 zuwa Maris 2024, sama da miliyan ɗaya daga ciki na yara ne.

A Disambar 2023 cibiyar binciken UNICEF da ke Italiya ta fitar da rahoto a kan ƙasashe kusan 40 mafiya arziki, ta ce yara sama da miliyan 69 ne ke cikin talauci a cikinsu, wato sama da ɗaya cikin biyar. Abin da ya fi ɗaukar hankali a rahoton shi ne arzikin ƙasa ba shi ke nuna matsayinta ba. Polan da Sulobeniya da ba su kai Birtaniya kuɗi ba su ne a sahun gaba wajen rage matsalar, Polan ta rage da kusan kashi 38, Birtaniya kuwa nata ƙaruwa ya yi da kusan kashi 20 a tsakanin shekarun da aka auna.

Gaskiyar masu cewa aiki ne magani

A ba su haƙƙinsu. A kusan kowace ƙasa mai arziki, babu abin da ya fi jefa yaro cikin haɗari kamar ya tashi a gidan da babu mai aiki ko ɗaya. In aka haɗa ƙasashen OECD aka ɗauki matsakaici, sama da rabin irin waɗannan gidaje suna ƙasa da layin talauci. Gidan da uwa da uba duk suke aiki cikakke kuwa ɗan ƙalilan ne ke faɗawa. Wannan ba abin musu ba ne, kuma shi ya sa 'yan siyasa daga ɓangarori biyu suke ta nanata shi, daga shugaban Amurka na lokacin Bill Clinton da ya sa hannu a dokar 1996 wadda ta ɗaura tallafi da sharaɗin aiki ta kuma sa masa iyakar shekara biyar, har zuwa firaministan Birtaniya na lokacin Tony Blair da ya yi alƙawari a 1999 cewa zai kawar da talaucin yara cikin shekara ashirin. Bayan dokar 1996 ɗin mata masu riƙon 'ya'ya su kaɗai da yawa sun shiga aiki a Amurka, sai dai har yau masana na jayayya ko dokar ce ta jawo ko kuwa bunƙasar tattalin arzikin ƙarshen shekarun 1990 da rangwamen harajin da aka faɗaɗa wa masu ƙaramin albashi a 1993.

Inda lissafin ke kwancewa

Matsalar ita ce gidajen da babu mai aiki ba su da yawa idan aka kwatanta da gidajen da ake aiki. Don haka ko da haɗarin ya fi tsanani a na farkon, in ka ƙirga kawunan yaran da ke cikin talauci sai ka tarar mafi yawansu suna gidajen ma'aikata ne. A Birtaniya alƙaluman gwamnati na shekarar da ta ƙare a Maris 2024 sun nuna yara miliyan 4.5 na cikin talauci bayan an cire kuɗin muhalli, wato kashi 31, kuma kusan bakwai cikin goma nasu akwai mai aiki a gidansu. Ka ga kenan maganar lalaci ba ta kama yawancinsu ba.

Ɗauki Amurka. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, kuma tun 2009 ba a taɓa shi ba, kodayake jihohi da yawa sun ɗaga nasu, amma wajen jihohi ashirin suna nan a kai. Mace mai 'ya'ya biyu in ta yi awa 40 kowane mako shekara guda cur ba hutu ba ciwo, dala 15,080 za ta tashi da shi, layin talauci na gwamnatin tarayya ga gida mai mutum uku a 2024 kuwa dala 25,820 ne. Wato ta yi duk abin da aka ce ta yi, amma saura sama da dala dubu goma kafin ma ta taɓo layin, sai dai rangwamen haraji da tallafin abinci su cike mata wani abu. Kuma Amurka ba ta da dokar tarayya ta hutun haihuwa mai albashi, abin da ke akwai tun 1993 shi ne mako 12 ba biya, shi ma ba kowa ya cancanta ba.

Sannan ba albashin awa kaɗai ba ne, akwai yawan awannin. A Birtaniya akwai kwantiragin da kamfani bai yi maka alƙawarin ko awa ɗaya ba, wannan makon a kira ka awa 35, mako mai zuwa awa 8, kai kuma mai gida ba ruwansa, hayarsa ɗaya ce kowane wata. A Jamus akwai ƙananan ayyukan da ba a cire wa ma'aikaci haraji muddin bai wuce 'yan ɗaruruwan yuro a wata ba, mata masu yara sun cika su, ga kuma tsarin harajin ma'aurata da ke sa in miji na da albashi mai kauri, abin da matar za ta ƙara in ta shiga aiki cikakke haraji ya cinye kaso mai yawa. A takarda duk waɗannan "masu aiki" ne.

Akwai kuma tarkon da tallafin kansa ke ɗanawa. Mai karɓar Universal Credit a Birtaniya, wato tallafin wata-wata da gwamnati ke ba marasa aiki da masu ƙaramin samu, in samunsa ya wuce wani ɗan adadi, duk fam ɗaya da ya ƙara ana zare masa fensa 55 daga tallafin. Ƙara masa haraji da kuɗin mota da kuɗin mai reno, sai uwa ta ga ta ƙara kwana guda na aiki a mako amma abin da ya shigo hannunta bai taka kara ya karya ba, ga shi ta rasa yinin da take tare da yaranta.

Japan, inda uwa ke aiki amma ba ta tsira ba

In ana neman shaidar da ta fi kowace ƙarfi cewa aiki shi kaɗai ba ya wadatarwa, Japan ce. Mata masu riƙon 'ya'ya su kaɗai a can, sama da kashi 85 nasu suna aiki bisa binciken gwamnati na 2021, da wuya ka samu ƙasa mai arziki da ta kai haka. Amma a shekarar dai, kashi 44.5 na gidajen da uwa ko uba ɗaya ke riƙe da su suna cikin talauci, alhali na yaran ƙasar gaba ɗaya kashi 11.5 ne. Ba wanda zai kalli waɗannan mata ya ce su tashi su nemi aiki, sun riga sun tashi.

Abin da ke faruwa shi ne kasuwar aikin Japan gida biyu ce. Akwai ma'aikacin dindindin, mai ƙarin albashi duk shekara da garaɓasa sau biyu, amma ana sa ran zai kai dare a ofis kuma in an tura shi wani gari ya tafi ba gardama. Akwai kuma na wucin gadi, mai albashin awa, a kanti ko wurin haɗa abincin kwali ko gidan kula da tsofaffi. Mace ta bar aikin dindindin da ta haihu, aure ya mutu bayan shekara bakwai ko takwas, ta dawo nema, wa zai ɗauki mai zuwa ɗauko yaro ƙarfe shida a sahun farko? Sai ta faɗa na biyu, wani lokaci ta haɗa aiki biyu, ɗaya da rana ɗaya da dare. Uban yaran kuma, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na irin waɗannan mata ne ke samun kuɗin ciyarwa daga wurinsa a kai a kai. Daga nan ne wuraren cin abincin yara na unguwa suka bazu, masu sa kai su dafa shinkafa da miya a wani ɗaki ko wurin ibada, yaro ya zo ya ci kyauta ko da 'yan canji, ya yi aikin makaranta kafin uwarsa ta taso, yanzu ana ƙirga su da dubbai a faɗin ƙasar.

Mai reno shi ne ƙofar

A yau gida mai albashi ɗaya ya zama abin tsoro a ƙasashen nan, saboda gidan tsakiyar layin da ake awo da shi galibi mai albashi biyu ne, farashin haya ma ya bi albashi biyun. To uwa ba za ta fita ba sai da wurin ajiye yaro, kuma can babu kaka ko ƙanwar miji a tsakar gida da za a miƙa wa. Shi ya sa ƙasashen arewacin Turai suka zuba kuɗi a nan. A Denmak iyaye ba sa biyan fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin gidan reno, ƙaramar hukuma ke biyan sauran. Suwidin ta sa wa kuɗin renon rufi tun 2002, ga hutun haihuwa na kwana 480 da ake biya, an ware wa kowane ɗaya daga iyayen kwana 90 da ba zai iya bar wa ɗayan ba, don kada a ce uwa kaɗai ce za ta bar aiki. Lardin Kebek na Kanada ya fara renon dala 5 a rana a 1997, mata suka shiga aiki sosai, har gwamnatin tarayya ta kwaikwaya a 2021 da shirin dala 10 a rana. A Italiya kuwa, inda kusan rabin mata kawai ke aiki kuma a kudancin ƙasar abin ya fi haka muni, gidaje masu albashi ɗaya sun yi yawa, talaucin yaran ma haka.

Gwajin da Amurka ta yi na wata shida

Wannan kam abin a tsaya a kai ne. A 2021 gwamnatin Biden ta faɗaɗa rangwamen harajin yara zuwa dala 3,600 ga ɗan ƙasa da shekara shida da dala 3,000 ga na shida zuwa 17, aka riƙa tura rabinsa wata-wata daga Yuli zuwa Disamba, dala 300 ko 250 kan kowane yaro, kuma a karon farko har iyayen da ba su da samu ko kaɗan aka ba su cikakke. Tare da sauran tallafin lokacin korona, talaucin yara a ma'aunin hukumar ƙidaya mai lissafa tallafi ya sauka zuwa kashi 5.2, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani. Sanata Joe Manchin ya ƙi goyon bayan a ci gaba, ɗaya daga cikin dalilansa shi ne babu sharaɗin aiki, shirin ya mutu a ƙarshen shekarar. A 2022 adadin ya koma kashi 12.4. Ya ninka har da ɗoriya cikin shekara ɗaya, kuma a shekarar da rashin aikin yi ya yi ƙasa sosai, iyaye suna ta komawa aiki.

Masu suka suna da hujjarsu su ma. Wasu masana tattalin arziki na Jami'ar Chicago sun ƙiyasta cewa in aka mayar da shirin na dindindin iyaye kusan miliyan 1.5 za su bar aiki. Masu bincike na Jami'ar Columbia da suka duba watannin da aka biya kuɗin ba su ga wata raguwar aiki ta a zo a gani ba, amma masu sukar suka ce ai wata shida ne, ba wanda zai ajiye aikinsa don kuɗin da ya san zai yanke. A Polan, inda aka fara biyan zuloti 500 kan yaro duk wata a 2016 aka kuma ɗaga zuwa 800 a 2024, wani bincike ya ƙiyasta mata kusan dubu 100 sun fita daga kasuwar aiki a farkon shirin. Sai dai a wancan lokacin kuɗin ɗan fari sai gida mai ƙaramin samu ake ba, in albashinki ya ɗaga kaɗan ki rasa shi gaba ɗaya, a 2019 aka cire wannan sharaɗi. A ganina wannan ya fi nuna illar tsara tallafi da gefen rami fiye da illar tallafin kansa. Kuma ƙasashen da suka fi kowa biyan kuɗin yara da hidimominsu, irin su Denmak da Finlan, su ne dai ke da iyaye mata masu aiki da yawa, don haka zancen a zaɓi ɗaya tsakanin aiki da tallafi bai zauna ba. Abin da ke da wuyar haɗiya shi ne kuɗinsa, harajin Denmak ba wasa ba ne, kuma ba kowace al'umma ce za ta yarda a yanke mata haka ba.

Dokar 'ya'ya biyu

Ministan kuɗin Birtaniya na lokacin George Osborne ne ya sanar da ita a 2015, ta fara aiki a Afrilun 2017: ɗa na uku da aka haifa bayan wannan lokaci ba shi da kason tallafin masu ƙaramin ƙarfi. Hujjar ita ce mai karɓar tallafi ya yi lissafin haihuwa kamar yadda mai albashi ke yi. Sai dai sama da rabin gidajen da dokar ta shafa masu aiki ne, kuma bincike bai nuna ta rage haihuwa ko ta ƙara shiga aiki yadda aka zata ba, yaran dai aka rage wa. Ta fi cizon al'ummomin da ke da manyan iyalai, ciki har da Musulmi da Yahudawa masu riƙon addini. Sikotlan ta bi wata hanya daban, ta ƙirƙiro nata kuɗin yara a 2021 da fam 10 a mako, ta kai shi fam 25 kafin ƙarshen 2022.

Abin da ya shafi namu da ke can

Duk wannan gardama ta tallafi, akwai waɗanda ba ta ma kai kansu ba. 'Yan Najeriya da dama sun shiga Birtaniya bayan 2022 da bizar aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, wasu da bizar karatu, da matansu da 'ya'yansu. Irin waɗannan bizoji suna ɗauke da sharaɗin cewa ba ka da haƙƙin taɓa kuɗin tallafin gwamnati, babu Universal Credit, babu kuɗin yara na mako-mako, babu taimakon haya. Makarantar gwamnati kyauta ce ga yaran, kuma tun 2022 a Ingila an buɗe musu abincin makaranta kyauta in samun gidan bai wuce wani adadi ba, amma sauran duk a kan albashi yake, albashin da ke kusa da mafi ƙaranci. Ga kuma waɗanda suka biya dillalai miliyoyi, suka isa suka tarar kamfanin da ya ɗauki nauyinsu ba shi da awannin da ya yi alƙawari, kuma bizar a ɗaure take da shi, in aka soke lasisinsa sai ka nemi wani cikin ɗan lokaci ko ka tattara.

A irin gidan nan miji na aikin dare mata na aikin rana don kada a biya mai reno, suna haɗuwa a bakin ƙofa, ɗaya na cire takalmi ɗaya na sawa, yara uku a ɗaki ɗaya, waya kuma na ta ƙara daga gida ana tambayar kuɗin makarantar ƙane da na maganin Hajiya, saboda an canza albashin zuwa naira an ga miliyoyi. Daga Janairun 2024 an hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, daga Maris 2024 aka hana sababbin masu aikin kula, sannan a Yulin 2025 aka rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Waɗanda suka riga suka shiga suna jiran cika shekara biyar su samu izinin zama na dindindin wanda zai buɗe musu ƙofar tallafin, ga shi a 2025 gwamnati ta kawo shawarar a mayar da wa'adin shekara goma, don haka soke dokar 'ya'ya biyun da ake ta murna a kai ba zai ƙara wa gidajensu ko fam ɗaya ba a yanzu.